Naɗin takarda: daga ina ya fito, kuma ta ina za ka fara?



Na san ka taɓa zama wurin hira, ka tsinci ɗan guntun takarda, kana magana kana murza shi tsakanin yatsu har ya naɗe kamar gammo. In hira ta ƙare sai ka yar, ka tashi. To, wannan abin da hannunka yake yi ba da saninka ba, a wasu ƙasashe sana'a ce mai suna da tarihi. Ana yanka takarda siri-siri, a naɗe ta, a matse ta ta zama ido ko ganye ko ɗigon ruwa, a jera bisa kwali a manne. Sai ka ga fure, ko tsuntsu, ko wani adon da za ka rantse maƙerin fari ne ya yi shi. Turawan Ingila suna ce wa aikin kwilin, daga sunan gashin fiffiken dinya, don an ce a jikin ƙashin gashin aka riƙa naɗa takardar. Faransawa suna ce masa faferol. Mu dai bari mu kira shi naɗin takarda.

Ni a makarantar horon malamai na fara ganinsa, wurin darasin aikin hannu. A lokacin na ɗauke shi wasan yara. Sai da na komo Agadas na kama koyar da manya karatu, sannan wata dattijuwa ta sa na sake tunani. Zan zo kan labarinta. Amma ba a naɗin takarda sai da takarda, ita kuwa ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mu. Bari mu fara da ita.

Yadda takarda ta zo mana

A ƙasar Sin aka fara yin takarda. Littattafan tarihinsu sun ce a shekara ta 105 wani ma'aikacin fada mai suna Tsai Lun ya kai wa sarki takardar da ya yi da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. Ka lura da wannan: tun ran farko, da abin da aka yar aka yi ta. Sana'ar ta daɗe a gabas. A ƙarni na 8 ta iso Samarƙandi, kafin ƙarnin ya ƙare ana yin ta a Bagadaza. Daga nan ta bi Sham da Masar da Fas har Andalus. A hannun Musulmi Turawa suka koye ta. A ƙarni na 13 mutanen wani gari na Italiya, Fabiriyano, suka gwanance, har suka ƙago wata dabara wajen shekarar 1282. Sai su ɗinka ɗan zane na waya a jikin rariyar da ake tace takarda da ita. In takarda ta bushe, zanen yana nan ɓoye cikinta, ba ka ganinsa sai ka ɗaga ta wajen haske. Shi ne tambarin mai ita.

Wannan tambari ya taɓa tayar da magana. Takardun Turawa sun cika kasuwannin Magrib, wasu kuma da zanen gicciye a cikinsu. Mutane suka tambaya: ya halatta a rubuta sunan Allah a kan irin wannan? A shekarar 1409 wani babban malamin Tilimsan, Ibn Marzuƙ, ya ba da fatawa cewa ya halatta. Su ma ƴan kasuwar Italiya ba su yi barci ba. Da suka ga Turkawa da Larabawa ne manyan masu saye, sai suka riƙa sa tambarin jinjirin wata guda uku a jere. A ƙarni na 19 wani gida na ƙasar Banis, gidan Galbani, ya yi fice da irin wannan takarda.

Me ya haɗa Agadas da wannan? Hanya. Tun ƙarni na 15 da sarautar Abzin ta zauna a garin nan, ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamas da Gat, nan yake sauke kaya kafin ya wuce Katsina da Kano. Garin kuma na malamai ne. Shehu Magili ya ratsa ƙasar Abzin kafin ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Shehu Suyuɗi daga Alƙahira ya rubuto wasiƙar nasiha zuwa ga sarkin Agadas da na Katsina. Hasumiyar babban masallacinmu, mai tsawon mita 27, asalinta tun wajen 1515 ne. Daga baya Malam Jibirila ɗan Umaru ya zauna a nan, har almajirinsa Usmanu ɗan Fodiyo ya biyo shi. Wasiƙa da littafi da fatawa duk takarda suke ci, ba a kuwa yin ta a ƙasarmu. Kowace warƙa a bayan raƙumi ta ƙetaro hamada. In gidanku akwai tsohon littafi cikin gafaka, ka nemi izinin manya, ka ɗaga warƙa ɗaya wajen rana a hankali. Ba mamaki ka ga watannin nan uku suna kallonka.

A watan Oktoba na 1850 wani Bajamushe mai yawon bincike, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Agadas ya yi kusan mako uku. Har yanzu ana nuna gidan da ya zauna cikin tsohon gari. Ya yaba aikin fatar da ya gani. Da ya isa Kano a farkon 1851 ya lissafa kayan da ake kawowa daga arewa, ya sa takarda mai wata uku a ciki. Ya ce ana kawo ta da yawa, kuma ana naɗe tufafin ƙasar da ita. Kai da ka san yadda alasho yake zuwa mana daga Kura a ƙunshe cikin takarda, ka ga abin mamaki: takarda ta ratsa Agadas ta yi kudu, ta sake komowa arewa tana rungume da rawani.

Duk da haka ba abin wasa ba ce. Yaro a allo yake koyo, ya wanke, ya sake rubutawa. Sai wanda ya yi nisa ake ba takarda. Mutanen da ba su san a yanyanka ta don ado ba, adonsu a kanta suke yi da tawada, shi ne zayyana. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, kaya suka riƙa shigowa ta kudu, ayarin Tarabulus ya mutu. Yau kuwa fita ka duba. Tsofaffin kaye na ƴan lakkol, kwalin shayi, takardun ofis da aka gama da su, iska tana kwasa tana rataye su jikin ƙaya. Abin da kakanninmu suka jira wata da watanni, mu muna share shi da tsintsiya.

Zinariyar marasa zinariya

Yanzu mu koma Turai, mu ga waɗanda suka fara naɗin.

A Faransa da Italiya akwai gidajen zuhudu na Kirista, inda mata da maza suke keɓe kansu don ibada, su yi alkawarin zama cikin talauci. Suna da al'adar ajiye ɗan abin da waliyyansu suka bari, guntun ƙashi ko ƙyallen tufa, cikin akwati mai gilashi. Manyan majami'u masu dukiya sai su sa maƙera su kewaye abin da siririyar wayar zinariya, a murɗa ta a lanƙwasa ta zama furanni. Ƙananan gidaje ba su da wannan hali. Amma suna da wani abu. Littattafan wancan zamani ana shafa wa bakinsu ruwan zinariya. In aka yanke bakin warƙa siri-siri, sai a sami zaren takarda mai gefe ɗaya yana ƙyalli. Matan nan suka naɗa shi, suka tsayar da shi a kan gefensa, gefen zinariyar yana sama. Wanda ya tsaya nesa kaɗan, cikin hasken kyandir, ba ya iya bambanta shi da aikin maƙeri. Yawancin irin waɗannan akwatuna da suka rage a gidajen tarihi na ƙarni na 17 da na 18 ne. Shekara ɗari uku ke nan, takardar tana nan a naɗe.

Daga gidajen zuhudu aikin ya ƙetara Ingila, can kuma ya sake riga. Ya bar hannun matalauta ya koma hannun ƴan matan masu kuɗi, waɗanda aka hana su kowane aiki mai gumi. Aka ga wannan bai da nauyi, bai ɓata hannu, yana kuma cin lokaci, abin da suke da shi har ya yi musu yawa. A 1786 wata mujallar mata ta Landan ta buga musu zane-zanen da za su bi. Kafintoci suka riƙa yin akwatuna masu ɗan rami a jiki, don a cike ramin da naɗi. Gimbiya Elizabet, ɗiyar Sarki Joji na uku, ita ma ta yi aikin, a 1791 kafintan fada ya kai mata akwatin da aka shirya dominsa. Marubuciya Jen Ostin, cikin littafinta na 1811, ta kawo wasu mata biyu da suka fake da naɗa takardun kwandon wata yarinya don su sami damar yin maganar sirri. Ashe ko can ma hannu yana aiki ne baki yana nasa.

Abin da suka fi yi wa ado shi ne akwatin ganyen shayi. Shayi a lokacin tsada gare shi ƙwarai, har kulle akwatin ake yi, uwargida ta riƙe mabuɗi. Mu mutanen Agadas da ba mu iya wuni ba tare da kofi uku ba, mun fahimci wannan uwargida.

Yayi ya wuce a ƙarni na 19. A 1875 wani Bature mai suna Wiliyam Bemros ya yi ƙoƙarin tayar da aikin, ya riƙa sayar da yankakkun takardu tare da littafin koyo. Bai yi wani nisa ba. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 aka sake waiwayarsa, a 1983 masu yinsa suka kafa ƙungiya a Ingila. Yanzu a ƙasar Biyetnam akwai masu cin abinci da shi, suna yin katin gaisuwa ana kai wa Amurka da Turai.

A ganina, cikin duk wannan tarihi matan farko su ne suka yi abin kirki. Ƴan matan Landan sun sayi takardarsu a kanti. Waɗancan kuwa sun dubi abin da za a zubar, suka ga zinariya a ciki.

Abin da hannunmu ya riga ya sani

Kada ka ce wannan dabara ta Turawa ce kaɗai. A Tambutu, matan da ba su da halin sayen zinariya sun daɗe suna yin ƴan kunne da abin wuya da kakin zuma da kara mai launin rawaya. Su mulmula kakin, su lanƙwasa siririn karan a kansa kamar yadda maƙeri yake lanƙwasa waya. Har baƙi suka sa wa abin suna zinariyar Tambutu. Ba su san matan Faransa ba, matan Faransa ba su san su ba. Rashi ɗaya ne ya koya musu dabara ɗaya.

Mu ma a nan muna da namu. Maƙeranmu da kakin zuma suke fara abin wuyan nan na azurfa da duniya ta san Agadas da shi, wanda Abzinawa suke ce wa tenegelt. Su siffanta shi da kaki, su rufe da yumɓu, su gasa kakin ya narke ya fita, su zuba azurfa a gurbinsa. Amma abin da ya fi kusa da zancenmu shi ne batta. Ka san battar Agadas da ta Ingal, ta zuba turare ko kwalli ko ƴan kunne. Namiji yake fara ta: ya gina siffarta da laka, ya lulluɓe da jiƙaƙƙiyar fatar da aka kankare ta yi siriri, ya bari ta bushe. Sannan mace ta karɓa. Ta murza kakin zuma ya zama zare, ta bi jikin battar tana kwantar da shi, nan layi, nan murɗe, nan ɗan da'ira. In ta gama a tsoma cikin jan rini. Inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. A ɓamɓare kakin, a fasa lakar ciki a zubar, sai ga batta mai ja da fari, ba ta da nauyi ko kaɗan.

To, ga labarin dattijuwar da na ambata. Tana cikin ajina na mata na bayan la'asar. Ta haura sittin. Kanta yana ja, ta riga kowa gane baƙaƙe a allo. Amma in ta kama bik sai hannunta ya ƙage, ta danne har takarda ta huje. Mako uku muna fama. Ran nan ta aje bik ta ce, "Malam, ni dai hannuna ya tsufa, ka bar ni in riƙa saurare." Na san ma'anar wannan magana. Wanda ya ce zai riƙa saurare, bayan mako biyu ba za ka sake ganinsa ba.

Washegari na zo da yankakkun takardu da tsinken tsintsiya, na ce yau ba rubutu, wasa za mu yi. Na naɗa ɗaya ina nuna musu, ina ji da kaina. Kafin in manne tawa ta naɗa uku, duk girmansu ɗaya, ta jera su a gefen tabarma cikin wani tsari da ban taɓa gani a littafi ba. Na ce, "Inna, a ina kika koyi wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, wannan ai adon batta ne. Tun ban kai aure ba nake murza kaki." Ta ce ta bari ne da robobi suka cika kasuwa, baƙin da suke saye kuma suka ɗauke ƙafa. Gaskiya ta faɗa. Kowa ya san yadda masu yawon buɗe ido suka ƙaurace wa garin nan bayan tawayen 2007 da sace mutanen da aka yi a Arlit a 2010, da yadda masu aikin hannu suka ji a jikinsu.

Ni ne na ji kunya ran nan. Mako uku ina kallon hannun nan a matsayin wanda bai iya komai ba, alhali ya fi nawa sau goma. Tsoron bik ne kawai ya ɗaure shi. Na ce ta yi mini baƙin "o" da takarda, ta yi. Na ce ta yi "a", wato da'ira da ɗan sanda a gefe, ta yi. Sai na miƙa mata bik na ce ta zana abin da ta naɗa, ta kwantar da layin kamar yadda take kwantar da kaki. Ban ce a ranar ta zama magatakarda ba. Amma ba ta sake huda takarda ba, kuma ba ta bar aji ba.

Ta ina za ka fara?

Kada ka jira kayan kanti. A waya za ka ga masu aikin da ƙarfe mai tsaga a baki da allon da'irori da takardu kala-kala. Suna da amfani, amma matan da suka ƙago aikin ba su da ko ɗaya. Abin da kake bukata: takarda, reza ko almakashi, rula, tsinke, da abin manni.

Takarda tukuna, kuma a nan akwai sharaɗi. Ka duba abin da aka rubuta a kanta kafin ka sa reza. Wadda take ɗauke da sunan Allah ko aya, ba ta wannan aiki ba ce. Takardar ofis ta fi dacewa da mai koyo. Ta jarida ta yi laushi, ba ta tsayuwa. Kwali ya yi kauri, karyewa yake yi maimakon lanƙwasa. In kana son launi, bangon tsofaffin kaye marasa kauri da ambulan masu launi sun isa, ko ka shafa wa farar takarda ruwan shayi ko na zoɓo ka shanya kafin ka yanka.

Warƙar ofis faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. In ka sa alama kowane milimita 5 ka yanka ta tsawo, za ka sami zare 42 daga warƙa ɗaya. Gwanaye suna yanka milimita 3, su sami 70, amma kai fara da mai faɗi, ya fi sauƙin riƙo. Nan ne wurin da ya kamata ka yi haƙuri. In zare ya yi faɗi a nan ya tsuke a can, naɗin zai fito kamar ginin da ba a daidaita tubalinsa ba, kuma babu gyara daga baya. Ɗora takardar bisa katako, danne rula da kyau, ja reza sau biyu a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Reza kuma a nesa da yara.

Tsinke kowane iri ya yi, in dai santsi gare shi: na tsintsiya, na sakace, ko doguwar ƙayar aduwa da aka karye mata tsini. Ɗan jiƙa bakin zaren kaɗan, ka ɗora a jikin tsinke, ka murza da babban yatsa da manuni. Takardar za ka murza, tsinken yana tsaye. Hannu ɗaya yana naɗi, ɗayan yana kula kada gefe ya zame. Na farko zai karkace. Na biyar ma haka. Wajen na ashirin za ka ji yatsunka sun daina tambayar kanka.

In ka kai ƙarshe, hanya biyu ce. Ko ka manne bakin nan take, ka sami naɗi matsattse kamar ɗan faifai, wanda ake sa wa a tsakiyar fure ko idon tsuntsu. Ko ka zare tsinken ka aje naɗin a ƙasa, ka bar shi ya saki jiki kaɗan, sannan ka manne. Wannan na biyu shi ne uwar aikin, kusan kowace siffa daga gare shi take fita. Matse gefe ɗaya, ya zama ɗigon ruwa. Matse gefe biyu masu kallon juna, ya zama ido. Lanƙwasa bakunan idon, ɗaya dama ɗaya hagu, ya zama ganye. Matse wuri uku, ga kusurwa uku irin ta adon fata. Don naɗe-naɗenka su zo girma ɗaya, nemi marfin kwalba ko zobe, ka bar kowanne ya saki jiki a cikinsa. Wata ƴar dabara kuma: yage bakin zaren da hannu maimakon ka yanke. Yagaggen baki yana kwanciya ya ɓace, yankakke kuwa yana barin tudu.

Abin manni shi ne inda masu koyo suka fi ɓata aiki. Farin gam na kafintoci ko na ƴan lakkol ya yi. In babu, jiƙa ƙaro cikin ruwa kaɗan ya kwana, irin wanda malamai suke sa wa tawada, ka tace. Ko wanne ne, da bakin tsinke za ka ɗiba, ɗigo kamar ƙwayar gero. In ka ga gam da idonka bayan ka manne, ya yi yawa. Iskarmu a bushe take, balle lokacin hunturu, don haka zuba kaɗan a marfi ka rufe sauran, in ba haka ba kafin ka naɗa biyar ya daskare. Wannan bushewar kuma tana taimakonka, don aiki yana kamawa nan da nan.

Aikin farko kada ya wuce fure ɗaya: matsattsen naɗi a tsakiya, ɗigon ruwa shida kewaye da shi, ganye biyu. Jera su duka bisa kwali ba gam, ka duba, ka gyara, sannan ka ɗaga ɗaya-ɗaya ka shafa gam a ƙasansu. Bayan wannan, shawarata ita ce ka rufe hotunan waya. Furannin da za ka gani can ba su tsiro a ƙasarmu. Je ka dubi jikin batta, da jakar fata, da sirdin raƙumi, da zanen da magina suka yi a bangon tsofaffin gidajen Katanga da Amdit. In akwai tsohuwa a gidanku da ta taɓa murza kaki ko saƙa faifai, zauna kusa da ita da takardunka, ka bar ta ta karɓe tsinken.

Game da kuɗi ba zan ruɗe ka ba. Ban ga wanda ya ciyar da gida da wannan aiki a garin nan ba, kuma fure ɗaya mai kyau yana iya cin yammaci guda. Amma matan ajina sun yi wa wata amarya sunanta da naɗi a cikin firam, an kuma fara tambayarsu katin suna da na barka da salla. Abin da suka samu ya sayi alli da gam na wata biyu.

In ka gama aiki, kada ka bar shi a fili. Ƙura tana shiga tsakanin naɗin, ba ta fita. Sa shi bayan gilashi ko cikin leda mai haske, ka rataye nesa da bangon ƙasa. Gara tana son takarda, tana son ƙaro, ta sami biyun a wuri ɗaya kuwa ba ta jiran gayya. Furen farko da na yi a makarantar horo, cikin akwati na aje shi a ƙasan gado. Da na buɗe bayan damina, sai kwalin kawai na tarar da ɗan tsinken da na manta a ciki.